Tsohuwar kwamfuta a gida: me za mu yi da ita bayan Windows 10?

A gidajenmu da yawa akwai kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da kowa yake taɓawa. Galibi ƴar gwanjo ce da ta gama aiki a wani ofishi na Turai kafin ta iso kasuwanninmu. Maigida yana lissafin shago da ita, ɗalibi yana rubuta kundinsa na ƙarshen karatu, uwargida kuma ta tara hotunan suna da na biki a ciki. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wanda shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da mafi yawan irin waɗannan na'urori. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa iyalai bayani, kada wani ya jefar da abin da yake da sauran amfani, kada kuma wani ya zauna cikin haɗari bai sani ba.

Ma'anar daina kulawa

Na'urar ba za ta mutu ba. Za ta tashi ta yi aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin yake aikowa duk wata domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa. Gida ne da mai gadi ya tafi: katanga tana nan, amma in ta tsage babu mai yaɓe. Haka aka yi wa Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020.

Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna da watan Mayu na 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Maganinta ya riga ya fito tun watan Maris na wannan shekara, waɗanda ba su sa shi ba su ne suka sha wuya.

Gaskiya ne Microsoft ya buɗe ƙarin wa'adi ga masu Windows 10 da suka yi rajista, wanda ya sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026. Wannan jinkiri ne na shekara guda, domin mutane su samu sararin shiri.

Kafin a taɓa komai

Abu na farko shi ne kwashe kaya. A kwafe takardu da hotuna zuwa filash, wato kile USB, ko wani faifai na waje, sannan a buɗe su a wata na'ura a tabbatar sun kwafu. Mun sha ganin wanda ya miƙa kwamfutarsa ga mai gyara da safe, ya karɓe ta da yamma tana walƙiya, amma aikin shekara uku ya tafi, domin sabon zubi yana share faifai gaba ɗaya. A rubuta kalmomin sirri a takarda a adana. Kuma tunda batirin tsohuwar na'ura ba ya riƙe wuta, a zaɓi wuri da lokacin da lantarki ya tsaya, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya lalata zubin.

Hanya ta farko: Windows 11

Windows 11 ya fito a watan Oktoba 2021, kuma kyauta ne ga wanda yake da Windows 10 na halal, muddin na'urarsa ta cika sharuɗɗa. Ana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM ta kai giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da na'urorinmu shi ne na furosesa, zuciyar kwamfuta: in na Intel ne sai zubi na takwas zuwa sama, in na AMD ne sai Ryzen 2000 zuwa sama. A taƙaice, abin da aka ƙera kafin wajen 2018 da wuya ya shiga.

Microsoft yana da ƴar manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check da take faɗa wa mutum matsayin na'urarsa cikin minti ɗaya. In ta ce babu TPM, kada a yi saurin yanke ƙauna, domin wani lokaci yana nan, a kashe yake kawai, mai gyara yana iya kunna shi. Bayan an hau Windows 11 ta wannan hanya akwai kwana 10 da mutum zai iya komawa baya in bai gamsu ba.

Wasu masu gyara suna da dabarar tsallake sharuɗɗan su cusa Windows 11 a na'urar da ba ta cancanta ba. Tana iya tashi, amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin aiko wa irin wannan na'ura gyare-gyare ba. Duk wanda za a yi wa haka, hakkinsa ne a gaya masa tun kafin ya biya.

Hanya ta biyu: Linux

Da tsohuwar zuma ake magani. Na'urar da Windows 11 ya ƙi tana iya samun sabuwar rayuwa da Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kuma har yau kyauta ake raba shi. Nau'insa mai suna Linux Mint ya fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows. Yana tashi da RAM giga 2, ko da yake giga 4 ya fi daɗi, yana magana da Faransanci, kuma zubinsa na 22 zai ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har 2029. A Faransa ma akwai masu aikin sa kai da suka haɗa wani nau'i mai suna Emmabuntüs musamman domin farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da ake bayarwa kyauta.

Sai dai a san abin da za a rasa. Word da Excel ba sa zama a kan Linux. A madadinsu akwai LibreOffice, wanda yake buɗe takardunsu, amma wani lokaci tsarin shafi yana ɗan gocewa. Wanda aikinsa ya rataya a kan wata manhaja ta musamman ya bincika tukuna. Abin sha'awa shi ne ana iya tayar da Linux Mint daga filash a gwada shi ba tare da an taɓa abin da ke cikin faifai ba. A gwada intanet da sauti da na'urar buga takardu, in komai ya yi sai a zuba.

Abin da ya fi ƙara mata sauri

Sau da yawa nauyin tsohuwar kwamfuta daga faifanta yake, irin mai juyawa. Canja shi da faifan SSD, tare da ƙara RAM in akwai gurbi, yana sa na'urar da take ɗaukar mintuna kafin ta tashi ta farka nan da nan, kuma kuɗinsa bai kusa na sabuwar kwamfuta ba.

Shawararmu ga iyalai ita ce a kwashe kaya tun cikin wannan mako, a duba na'urar, in ta cancanta a hau Windows 11, in ba ta cancanta ba a gwada Linux. Wanda ya zaɓi ya zauna a kan Windows 10 ba tare da gyare-gyare ba, to ya cire ta daga intanet, kada ya shiga asusun kuɗi da ita. Mai shirin sayen ta gwanjo kuma ya tambayi zubin furosesarta kafin a fara ciniki.