Wai Yaƙi Ne Ke Tayar da Tattalin Arziki?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wata magana ke yawo a teburan masu shayi na Fagge da rumfunan kasuwar Sabon Gari: wai shirin gwamnati bai taɓa farfaɗo da tattalin arziki ba, ko Amurka ma sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ta miƙe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take ruɗar mutane.

Lokacin da Shugaba Roosevelt ya hau mulki a 1933, kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu a Amurka zaman kashe wando yake yi. Ya buɗe ayyukan hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa, al'amura suka fara motsi. A 1937 gwamnati ta tsorata da bashi, ta tsuke bakin aljihu, nan take aka koma gidan jiya. Da yaƙi ya zo, abin da gwamnati ke kashewa ya haura kashi 40 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, rashin aiki ya sauka ƙasa da kashi 2 a 1944. To kuɗin wa aka kashe a yaƙin? Na gwamnati ne dai. Mai ba lambu ruwa da moɗa a watan Afrilu, ya ga injin ban-ruwa ya tayar da na maƙwabcinsa, ba ya cewa ruwa ba ya aiki.

Kano ma ta ɗanɗana. Farashin gyaɗa ya karye a farkon shekarun 1930, cinikin Kwarorin Fagge ya ja baya, haraji kuwa bai fasa zuwa ƙofar manomi ba. Da Japan ta mamaye Malaya a 1942, Ingila ta matsu da man abinci da kuza. Aka shiga neman gyaɗa ido rufe, jiragen yaƙi daga Takoradi suna yada zango a filin jirgin Kano kan hanyar Masar, leburori suka samu aiki. Amma hukuma ce ta ƙayyade kuɗin gyaɗar, gishiri da yadi suka yi wuya, aka yi diban gwamna aka kwashi matasa zuwa haƙar kuza a Jos, wasu aka tura yaƙin Bama. A 1945 tsadar rayuwa ta sa ma'aikata yajin aikin gama-gari, 'yan reluwe na kan gaba. Masu yabon yaƙi ba sa kawo wannan ɓangaren.

Namu shirye-shiryen kuwa, TraderMoni ta raba wa ƙananan 'yan kasuwa naira dubu goma-goma a 2018, daf da zaɓe. Mai tireda ya san kwana nawa wannan ke yi a hannu. In da gaske ake, a zuba kuɗi masu kauri a wutar lantarkin yankunan masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa, a kuma ɗore shekaru, masana'antun su dawo su ɗebi matasan Fagge aiki.