Kafin Yaro Ya Shiga Gasar Taekwondo Ta Farko

Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017, iyaye da dama sun daina ɗaukar taekwondo a matsayin abin kallo a fim kawai. A Najeriya ma Chika Chukwumerije ya riga ya share fage da tagullar da ya ci a Beijing a 2008. Yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga yara cikin fararen kaya da yamma a filin makaranta ko harabar filin wasa, suna ɗaga ƙafa suna ihu. Abin so ne. Sai dai wasa ne na duka, kuma yawancin ɓarnar da ake samu a cikinsa gaggawa ke jawo ta: ta yaro, ta uba, wani lokaci ta malamin kansa.

Sabon shiga da farar ɗamara yake farawa, kuma watanninsa na farko babu wani armashi a cikinsu. Gudu ne, da miƙa jijiyoyi, da koyon tsayuwa, da maimaita shuri ɗaya har ya gundure shi. Daga nan a koya masa jerin motsin da ake kira poomsae, wanda kashi takwas ne kafin a kai ga baƙar ɗamara. Jiki zai yi tsami, har hawa acaba ya zama aiki, wannan ba komai ba ne, yana wucewa. Abin da ba a kau da kai a kansa shi ne zafi mai suka a gwiwa ko idon sawu ko ƙugu, musamman in da kumburi. Akwai malaman da ke danne yaro ta kafaɗa don ya buɗe ƙafafunsa har ƙasa a rana guda, yana kuka ana ce masa ya zama namiji. Wannan yaga tsoka yake yi. Buɗewar ƙafa a hankali take zuwa, kuma sai an ɗumama jiki tukuna.

Duk malamin da ya yi wa ɗanka alkawarin baƙar ɗamara cikin wata shida, ɗamarar yake sayarwa. Abu ne na shekaru. Cibiyar Kukkiwon da ke Seoul, wadda shaidarta ake karɓa a duniya, ba ta ma ba wanda bai kai shekara 15 ba cikakken matsayin baƙar ɗamara, wani matsayi na yara take ba shi mai ɗamara rabi ja rabi baƙi. Don haka ba rashin kunya ba ne uba ya ce, "Malam, wa ya ba ka taka shaidar? Kuna da rajista da ƙungiyar taekwondo ta jiha?" Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Kuma a riƙa leƙa wurin horon ba tare da sanarwa ba, balle in 'ya mace ce.

Idan aka fara haɗa yaro karawa da abokansa, kayan kariya sun zama dole: rigar kare ƙirji, hular kai, robar haƙora, abin kare hannu da ƙauri, da na kare gaba. Ana iya aron riga da hula, amma robar haƙora kowa da tasa. Kuɗinta bai kai na gyaran haƙori ɗaya ba.

Ranar da malam ya ce akwai gasa, a fara tambayar rukunin da za a saka yaron. Ana raba 'yan wasa ne bisa shekaru da nauyi: 12 zuwa 14 rukuninsu daban, 15 zuwa 17 nasu daban. A nan ne son cin kofi ke sa a yi ƙarya. A rage wa babba shekaru ya doki ƙanana, ko a tura sabon shiga cikin waɗanda suka daɗe don kawai a cike gurbi. Na biyun ya fi yawa, kuma shi ke sa yaro ya ajiye kayan daga ranar.

Sai batun sikeli. A manyan gasa ana awon nauyi kwana ɗaya kafin karawa, wanda ya haura kuma an cire shi. Saboda haka za ka ga saurayi ya ƙi shan ruwa, ya naɗe jikinsa da leda ya sa rigar sanyi yana gudu cikin ranar Afrilu, wani har da maganin gudawa ko na sa fitsari. Abin da yake zubarwa ruwan jikinsa ne, ba kitse ba. Ƙoda ke wahala, ga jiri, ga kasala, sannan washegari a ce ya tsaya gaban mai shuri. Yaro mai tasowa bai da dalilin rage nauyi don gasa. A saka shi inda sikeli ya nuna.

Haka nan ƙwaya. Akwai masu raɗa wa yara cewa tramadol na cire tsoro da jin zafi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Ko ba haramci, yana dusashe hankali, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wanda ba ya jin zafi ba zai san ya ji rauni ba sai abin ya yi nisa.

Karawar manya zagaye uku ce, kowane minti 2, da hutun minti 1 a tsakani, ta yara kuwa akan rage. Naushi a ƙirji maki 1, shuri a ƙirji 2, a kai 3, in da juyi aka yi makin ya ƙaru. Naushi a fuska laifi ne, haka faɗuwa ko fita daga fili, kowanne maki ne ga abokin karawa. Minti 2 kamar wasa a baki, amma sabon shiga yakan ƙarar da ƙarfinsa cikin daƙiƙa talatin na farko. Ka gan shi baki buɗe, hannaye sun sauka, ya manta duk abin da aka koya masa, malam na kiran sunansa daga gefe ba ya ji. Kusan kowa haka ya fara. Uban da ke tsaye yana ihun "kar ka ba ni kunya" ƙara masa nauyi kawai yake yi.

Abin da ya fi komai hatsari shi ne duka a kai. Hula na rage fashewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma ba sai yaro ya suma ba. In ya miƙe yana tangaɗi, ko idonsa ya yi wani iri, ko aka tambaye shi zagaye na nawa ake ya kasa faɗa, wasa ya ƙare ke nan a ranar, ko da shi ke kan gaba da maki, ko da yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Ba a watsa masa ruwa a mayar da shi fili. Duka na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa har a rasa rai.

A gida a sa masa ido kwana biyu, kada a bar shi shi kaɗai a daren farko. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, maganar da ba ta fita daidai, ko rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa ɗaya, duk na asibiti ne nan take, ba na kemis ko mai ɗori ba. Wanda aka sumar da duka a kai, dokar wasan ta hana shi gasa na aƙalla kwana 30, kuma sai likita ya duba shi ya amince kafin ya sake sa hula.