Yadda Na'urorin Sensa Ke Bibiyar Aikin Gini Daga Nesa

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi daga wani gari don a yi masa gini ya san wannan saƙon: "Aiki ya kai linta, a turo kuɗin rufi." Sai hoto ɗaya ya biyo baya ta WhatsApp. Hoton ba zai nuna ko ɗakunan baya sun tashi ba. Manyan kamfanonin gine-gine ma suna fama da wannan matsalar, sai dai tasu asarar ta miliyoyi ce. Shi ya sa suka koma ga sensa, wato ƙananan na'urorin da ke auna abu su aika da sakamako da kansu.

Kyamara a kan hular kwano

Hanya mafi sauƙi ita ce a maƙala kyamara mai ɗaukar kowane ɓangare, wato digiri 360, a kan hular kwanon injiniya. Shi dai zagayensa kawai zai yi kamar kullum. Manhaja ce za ta ɗauki hotunan ta ɗora kowanne a daidai wurinsa a kan zanen ginin. Kamfanoni irin su OpenSpace na Amurka da Buildots na Isra'ila wannan aikin suke yi.

Daga nan sai a kwatanta hotunan da BIM, wato samfurin ginin da aka zana a kwamfuta, mai ɗauke da kowane bango da ƙofa da bututu. Idan zane ya ce hawa na uku yana da tagogi 40, kyamara kuma ta ga 25, rahoto zai nuna saura 15.

LiDAR: awo da haske

Kyamara gani take yi, LiDAR kuwa awo yake yi. Yana harba hasken leza, ya lissafa lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya bugi abu ya dawo. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka bangon da ke nisan mita 3 zai dawo da shi cikin kashi 20 cikin biliyan na daƙiƙa. Idan aka tara miliyoyin irin wannan awo, sai siffar ginin ta fito da tsayinta da faɗinta. Ginshiƙin da ya karkace ko ya kauce daga inda aka zana shi zai bayyana tun kafin a ɗora masa nauyi. Ana ɗora LiDAR a kan jirgi maras matuƙi, ko a kan Spot, mutum-mutumi mai ƙafa huɗu na kamfanin Boston Dynamics.

Sensa a cikin kankare

Akwai kuma wadda ake binnewa. Ana ɗaure ta a jikin rodi kafin a zuba kankare. Haɗuwar siminti da ruwa tana fitar da zafi, sensar kuma tana auna zafin tana tura shi zuwa waya ta Bluetooth. Daga zafin da tsawon lokacin da ya wuce, manhaja take ƙiyasta ƙarfin da kankaren ya yi. SmartRock na kamfanin Giatec da ke Kanada misali ne. A al'ada, ƙarfin kankare a kwana 28 shi ne ma'auni, amma da wannan injiniya zai san ranar da za a iya cire katakon da ke tallafe da dekin ba tare da kintace ba.

Inda ƙarfinsu ya tsaya

Sensa ba ta kama kowace irin cuta. Lissafin kankaren ya dogara ne da gwajin da aka fara yi wa haɗin a ɗakin gwaji. Idan ɗan kwangila ya rage siminti a ɓoye, adadin da waya za ta nuna ba abin dogaro ba ne. Kyamara ma ba ta ganin rodin da aka riga aka rufe. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40, ya isa tunatarwa cewa tashin gini daban, ingancinsa daban. Har yanzu sai da injiniya mai amana.

Abin da waya za ta iya

Apple ya saka LiDAR a iPhone 12 Pro a 2020, yana kuma auna nisan kusan mita 5. Da manhaja irin Polycam, ana iya zagaya ɗaki a fitar da siffarsa mai awo. Masu Android ma za su iya, ta hanyar haɗa hotuna da yawa. Mai ginin da ke nesa zai iya neman a yi masa haka duk ƙarshen mako, musamman kafin a zuba kankare, lokacin da rodi ke a fili. Idan siffar wannan makon ba ta bambanta da ta makon jiya ba, ya san abin da zai tambaya kafin ya tura kuɗin rufi.