Takardar Mai Ba Gangar Mai Ba Ce

A ranar 20 ga Afrilu, 2020, farashin gangar ɗanyen man Amurka samfurin WTI ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili. Wato mai kaya ne zai biya a raba shi da kayansa. Annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, tankunan ajiya na garin Cushing a jihar Oklahoma sun kusa cika maƙil, ga wa'adin kwangilar sayen mai ta watan Mayu zai cika washegari.

A waɗancan makonnin ƙananan masu zuba jari suka yi rububin sayen hannun jarin asusun mai na USO, wanda ake cinikinsa a kasuwar hannun jari ta New York. Lissafinsu mai sauƙi ne: mai ya yi arha, dole wata rana ya tashi. Ya kuwa tashi. Sai dai da shekarar ta ƙare, idan aka kwatanta da farkonta, farashin man ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 ne kacal, USO kuwa ya zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarsa.

Ina kuɗin suka tafi? USO ba shi da ko ganga ɗaya a ajiye. Abin da yake riƙe da shi kwangiloli ne na sayen mai nan gaba, kuma kafin wa'adin kowace ya cika sai ya sayar da ita ya sayi ta gaba. Idan ta gaban ta fi tsada, kamar yadda aka gani a lokacin, kullum arha yake sayarwa ya saya da tsada. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya san kuɗin sito na cin riba ko da farashin buhu bai motsa ba. A nan ma kuɗin ajiyar ne, amma an cusa shi cikin farashin kwangila inda mai saye ba ya gani. Wannan ne ya fi damuna, domin sunan asusun ya sa mutane sun ɗauka man suka saya.

Akwai kuma batun wanda ya tsaya wa takardar. A Satumban 2008, da kamfanin inshora na AIG ya fara tangal-tangal, cinikin takardun kayayyaki na kamfanin ETF Securities da yake mara wa baya ya tsaya a Landan, sai da babban bankin Amurka ya ba AIG rancen dala biliyan 85 al'amura suka daidaita.

Asusun zinare ya ɗan fi sauƙin fahimta. NewGold, da ke kasuwar hannun jari ta Legas tun 2011, sandunan zinare na gaske ne a bayansa. Duk da haka ana cire kuɗin kulawa, kuma farashinsa a naira yana bin canjin dala, har ya iya sauka ranar da zinare bai motsa ba a Landan.