Yadda A Ke Sanin Ƙarfe Zai Miƙu Ko Zai Tsage

Wanda ya dubi ƙofar mota ko kwanon sha ba ya tuna cewa dā fallen ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe. Inji ne ya danna shi cikin mazubi har ya ɗauki wannan siffa. To, a nan wahala ta ke. In an ja ƙarfen fiye da kima sai ya sirance ya tsage, in kuwa an sassauta masa riƙo sai ya tattare. Sassaƙa mazubi ya kan ci watanni da kuɗi masu yawa, saboda haka dole a san halin ƙarfen tun kafin a soma, gama rigakafi ya fi magani.

Tun kafin Yaƙin Duniya na 1914 wani injiniya a Jamus, Erichsen, ya fito da gwajin da har yanzu a ke kira da sunansa. A kan matse falle, a tura masa dunƙulen ƙarfe mai faɗin milimita 20 har ya soma tsagewa, sa'an nan a auna zurfin lotsawar. Amma gwajin ba ya faɗin inda ƙofar mota za ta tsage.

A 1963 Stuart Keeler da Walter Backofen na Amurka suka bayyana binciken da ya buɗe hanya. Dabarar ita ce a zana ƙananan da'irori bisa fallen kafin a danna shi. Inda ya miƙe, da'irar ta kan koma siffar ƙwai, sai a auna tsawonta da faɗinta. A 1968 Gorton Goodwin ya ƙarasa aikin, aka sami taswira mai layi guda, watau iyakar miƙewa. Abin da ya faɗa ƙarƙashin layin ya tsira, wanda ya haura shi zai tsage. A 1967 kuwa Marciniak da Kuczynski na ƙasar Polan suka nuna da lissafi cewa tsaga ta kan faro ne daga wurin da fallen ya ɗan fi rauni.

Yau kwamfuta ce ke kwatanta dannawar, ta nuna wuraren hatsari da launi tun ba a taɓa ƙarfe ba. Duk da haka muna jan hankalin masu karatu, musamman malaman makaranta: kwamfuta ba ta san ƙarfe ba sai abin da aka auna aka gaya mata. In awon ya karkace, amsarta ma ta karkace. Shi ya sa har gobe a ke zana da'irorin nan a masana'antu.