Yadda Kwamfuta Ke Ƙirga Rassan Ƙwaƙwalwa

Kowace uwa a Diggi ta san lokacin da jaririnta ya fara zama, da lokacin da ya soma rarrafe da gwaranci. Abin da ido ba ya gani shi ne aikin da ke gudana cikin kan yaron kafin a kai ga haka. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma da yawancinsu ake haihuwarsa. Kowace ƙwaya tana fitar da rassa kamar tsamiya, su yi ta miƙewa har su sadu da na maƙwabta, ta nan saƙo ke bi. Waɗannan rassa ne ke yaɗuwa a shekarun farko na rayuwa.

To, yaya ake auna abin da ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba? A da, sai da ido da alƙalami. A 1890 Santiago Ramón y Cajal, wani likita ɗan Sifaniya, ya leƙa madubin likita ya zana bakin jijiya mai tsirowa a jikin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. A 1953 kuma Donald Sholl ya kawo dabarar zana da'ira bayan da'ira kewaye da ƙwaya, a ƙirga rassan da suka ƙetare kowace. Aiki ne mai cin rai, kuma mutum biyu kan ƙirga abu ɗaya su saɓa.

Yau ana rina ƙwayar da sinadari mai ƙyalli, madubi mai aiki da hasken leza ya ɗauki hotonta hawa-hawa daga sama har ƙasa. Kwamfuta sai ta jera hotunan, ta ware haske daga duhu, ta bi kowane reshe ta auna tsawonsa, ta ƙirga inda ya rabu. In ana ɗaukar hoton lokaci-lokaci, har saurin tsirowar za a sani. Takan yi kuskure, musamman inda rassa biyu suka gitta ta ɗauke su ɗaya, don haka dole mutum ya bi bayanta yana gyara. Duk da haka, taswirar jijiyoyi 302 ta wata 'yar tsutsa, wadda aka wallafa a 1986, ta ci fiye da shekara goma ana bi da hannu, alhali a 2024, da taimakon ƙirƙirarriyar basira, an kammala ta ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙuda mai ƙwayoyi kusan 140,000.

Wannan ilimi ya shafe mu kai tsaye. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, maƙwabciyarmu, wasu da suka tsira kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Tamowa da ƙarancin aidin su ma suna tauye ci gabanta. A ɗakin bincike ana iya renon ƙwayoyi a faranti biyu, a sa wa ɗaya dalma a bar ɗayan, kwamfuta ta faɗi da alƙaluma iya ɓarnar da aka yi, da ko wani magani ya rage ta.

Arewa ma ta shiga sahu. A 2021 Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, inda ake da irin wancan madubi mai hasken leza, ake kuma horar da matasa. Madubin ne mai tsada. Manhajar ImageJ da masana ke nazarin hotunan da ita kyauta ce tun 1997, kuma ƙaramar kwamfuta ta ishe ta. Akwai kuma hotunan da masu bincike suka zuba a intanet don kowa.

Saboda haka ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo da na jami'ar da ke Aliero ba sai sun jira an sayo musu madubi ba. Mai karanta kwamfuta ya nemi ɗan'uwansa mai karanta ilimin halittu, su sauke manhajar, su fara da ƙwaya guda. Malamai kuma su karɓi irin wannan a matsayin aikin kammala digiri.