Ceton yaran kogon Thailand a fim: wa zai ɗauki labarin mutanen Kance?

A Matamaye, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, fim yana zuwa hannun matasa ne ta waya, ko dai a sauke shi daga intanet ko a kai memori wurin masu turi. Cikin finafinan waje da suka yi suna a shekarun nan akwai na ceton yaran da ruwa ya rutsa da su a kogo a ƙasar Thailand, labarin da aka ba da shi a wasan kwaikwayo aka kuma ba da shi a dokumentari, wato fim ɗin da ake ɗauka daga bakin waɗanda abin ya faru da su.

A ranar 23 ga watan Yunin 2018 ne yara 12 ƴan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, masu shekara 11 zuwa 16, suka shiga kogon Tham Luang tare da kocinsu mai shekara 25. Ruwan sama ya cika hanya, suka kasa fitowa. Sai ranar 2 ga Yuli wasu gwanayen nutso biyu ƴan Birtaniya, Rick Stanton da John Volanthen, suka same su da rai. An fito da su tsakanin 8 da 10 ga Yuli, bayan wani likita ɗan Ostiraliya, Richard Harris, ya yi musu allurar sa barci don kada su firgita a cikin ruwa. Wani tsohon sojan ruwan Thailand, Saman Kunan, ya rasu a wurin aikin.

A 2021 aka fitar da dokumentarin The Rescue. A cikinsa masu nutson da kansu ne ke magana, ana haɗawa da hotunan bidiyon da sojojin ruwan Thailand suka ɗauka. Mai kallo yana jin likitan yana bayanin yadda tun farko bai yi zaton yaran za su fito da rai ba. Sai dai ba a ji ta bakin yaran ba, domin kamfanin Netflix ne ya riga ya sayi haƙƙin labarinsu. Hatta wuraren da ba kyamarar da ta shiga, sai da aka sake kwaikwayon su a cikin tankin ruwa a Ingila.

Shekara guda bayan haka darakta Ron Howard ya fitar da Thirteen Lives, inda ƴan wasa irin su Viggo Mortensen da Colin Farrell suka fito a matsayin masu nutson. An ɗauki yawancinsa a Ostiraliya, a cikin kogon da aka gina. Fim ɗin ya sa mai kallo ya ji ƙuncin ramin da duhunsa, ya kuma nuna manoman da suka yarda a malala ruwan dutsen cikin gonakinsu na shinkafa. Amma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne shaidu na nan da ransu, an rubuta littattafai, an adana bidiyo. Duk wanda ya yi shakkar wani wuri a fim ɗin yana da inda zai je ya bincika.

A nan ne labarin ya shafi Matamaye, babban garin gundumar Kance. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit za su Tamanrasset, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mutanen wannan yanki ne, kuma gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Wasu sun tsira, har da waɗanda suka taka da ƙafa neman ruwa. Haka a Nuwamban 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maradi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Duniya ta kalli irin wannan tafiya ta hamada a fim ɗin Io Capitano na 2023, na daraktan Italiya Matteo Garrone, wanda ya kai ga takarar kyautar Oscar. Labarin samari biyu ne ƴan Senegal masu neman shiga Turai. Matar Kance mai goyo da ke neman isa Aljeriya don ciyar da gida, nata labarin daban ne.

Masu iya aikin kuwa akwai su a gida. Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da dokumentarin Zinder a 2021, inda samarin unguwar Kara-Kara suka yi maganar rayuwarsu da bakinsu, da Hausa, kuma an nuna shi a manyan bukukuwan finafinai na duniya.

Masana'antar Kannywood, wadda ke da ɗimbin masu kallo a Nijar, za ta iya yin wasan kwaikwayo kan wannan tafiya wata rana. Kafin nan, aikin da ke gaba shi ne a naɗi muryar waɗanda suka tsira, da dangin mamatan, da waɗanda suka binne gawarwakin, da yardarsu kuma da sanin inda za a nuna. A Thailand har kamfani aka kafa don kula da haƙƙin yaran kafin a sayar da labarinsu. Fiye da shekara goma ke nan da abin da ya faru a 2013, kuma yaran da aka haifa a Kance a wannan shekarar sun kusa kai shekarun da ake fara yi musu zancen tafiya.